Rufe ruwa da fashin ruwa: wa ke riƙe da gadon masuntan Kabi?

Ɗan Gulma: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da nake so dattawa da masana su warware mana. Duk shekarar da aka yi bikin kamun kifi a Argungu sai ka ji ana cewa al'adar Kabawa na nan da ranta. Amma ƙauyukan bakin fadama, daga Augie har gangarowa Bunza, tafkuna da yawa da a da ake rufewa wata uku ko huɗu, yanzu kowa shiga yake dare da rana. To wa ke riƙe da gadon, bikin ko ƙauyen? Kuma garin da ya yi niyyar maido da dokar ruwansa, ta ina zai faro?

Baba Mai Homa: Wa alaikumus salam ɗana. Fara da sanin shekarar ruwa, don a kanta aka gina dokar. Ruwa yakan hau fadama tsakanin Yuli da Agusta, ya cika a Satumba. Lokacin ne kifi ke barin gulbi ya bazu cikin ciyawa da gonakin shinkafa ya yi ƙwai. Bargi yakan share wuri cikin ciyawa ya yi sheƙa, yauni ma sheƙa yake yi ya tsaya yana gadinta, gargaza kuwa a baki take goyon ƙwai da ɗiyanta. Wanda ya kama ɗaya cikinsu a wanga lokaci, ɗaruruwa ya kashe. Daga Oktoba ruwa ya soma ja, kafin Disamba ta fita tafkuna sun yanke da gulbi, kifin da ya makara ya tsaya ciki. Nan ake rufe ruwa. Sarkin Ruwa ya sanar da mai gari, a yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a, a kafa alama a bakin tafki, yawanci sanda da ganye ko tsumma ɗaure a kanta. Daga ranar ba raga, ba ƙugiya, ba gura, wato tarkon kifi. Shayar da dabbobi da ɗiban ruwa da wanki ba a hana su. Sai hunturu ya wuce, ruwa ya yi ɗumin da mutum zai iya nutso ya jima, wato daga Fabrairu zuwa Afrilu, sannan a sa ranar fashin ruwa, wato ranar da za a buɗe shi kowa ya shiga kamun kifi.

Ɗan Gulma: Baba, in kifin na nan a tsare ba inda za shi, me ya hana a jira har Mayu ya ƙara girma?

Baba Mai Homa: Nan mutane ke asara. In zafi ya tsananta ruwa ya ragu, iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa tana ƙarewa. Alamarta da asuba ake gani: kifi ya taso sama yana buɗe baki, ruwa ya yi kore shar, wari ya soma tashi. In ka ga haka kwana biyu a jere, buɗe ruwa ko ranar da aka sa ba ta zo ba. Giwan ruwa shi ke fara mutuwa. Tarwaɗa na jurewa don tana shaƙar iskar sama, gaiwa kuwa tana shigewa laka ta kwanta har damina ta dawo. Don haka ba a sa rana daga cikin gida. Sarkin Ruwa na zuwa bakin tafki kowane mako da sandar awo, ya duba nawa ruwa ya sauka, ya duba launinsa.

Malamin Tarihi: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Tambayar farko ita zan taɓa. Bikin da duniya ta sani an faro shi ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, alamar an binne gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Amma al'adun gargajiya irin su gyaran ruwa da fashin ruwa da gyaran gari da shan kabewa sun riga wannan ziyara da nisa. Daular da Kanta ya kafa a ƙarni na 16, mai hedikwata a Surame, kan ruwa da fadama ta dogara. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, kuma a lura, an sa shi ne a tsakiyar shekarun da ba a yin sa, don bayan na 2009 sai a 2020 aka sake yi. Shekara goma ba biki, amma da aka buga bindiga a Matan Fada, ruwan da ake gasar a cikinsa, dubban mutane suka ruga cikin ruwa da homa, wato ragar hannu, da goran da ake hawa a yi iyo, kowa ya san abin da zai yi. Ina suka koya? A tafkunan garuruwansu. Wannan kaɗai ya isa amsa.

Matashin Kabi: Malam, ban musa ba, amma kada a rage wa bikin daraja. Yaron da ya ga an ɗora kifi mai kilo 78 a sikeli a 2020, aka ba mai shi mota da kujerar Makka, shi ne zai koma gida ya ce a koya masa homa. In ba biki, sana'ar ta talauci ce kawai a idonsa.

Malamin Tarihi: Gaskiya ne, biki na sa kwaɗayi. Amma Matan Fada ma ai rufe shi ake yi shekara guda kafin a samu irin wannan kifin. Dokar ƙauye ce aka faɗaɗa. Kuma a tuna 2008, da aka gano kifin da ya ci gasa ya riga ya mutu tun kafin a fito da shi daga ruwa, aka janye kyautar. Inda kyauta ta yi girma, sai da masu ido a kan ruwa.

Baba Mai Homa: Gane wannan ba wuya. Ɗaga marfin kunnen kifi. Na yanzu ja jawur ne, ido tar, jiki da santsi. Wanda ya kwana, jan ya koɗe ya koma toka-toka, ido ya faɗa, in ka danna tsoka da yatsa gurbin ba ya dawowa.

Kawu Gyartai: Tunda ana maganar koyo, a yi maganar kayan aiki, don su ke fara ɓacewa kafin waƙa da kirari. Gora ba a sayen ta ranar su, wato ranar kamun kifin. Duma ake shukawa da damina, irin mai girma, a rage 'ya'ya a bar biyu ko uku a jikin yaɗo don su cika. A riƙa juya shi yana ɗanye kada gefen da ke ƙasa ya baje. Ba a cire shi sai marikin ya bushe ƙayau, in ka ƙwanƙwasa ya amsa. Wanda aka cire da wuri bangonsa sirara ne, da mutum ya kwanta a kai sai ya fashe. Baki a sama ake yanka shi, daidai yadda hannu da matsakaicin kifi za su shiga. In ya yi faɗi ruwa zai riƙa shiga duk sanda igiyar ruwa ta taso, in ya yi ƙanƙanta ka ɓata lokaci wurin tura kifi. A zuba ruwa a ciki a bar shi mako guda ko fiye har tuwon cikin ya ruɓe, a ƙanƙare, a wanke ɗacin, a shanya a inuwa. Rana kai tsaye tsaga shi take yi. Ajiya kuma a rataye kusa da hayaƙin murhu, don ƙwari ba sa son wurin. In ya tsage ba jefarwa ake yi ba: a huda ƙananan ramuka gefe da gefen tsagar da basilla, a ɗinke, a liƙe da ƙaro ko kwalta. Gora mai kyau na kai mutum shekaru.

Yanzu wasu jarka suke hawa. Tana iyo, ba musu, amma tana zamewa a ƙirji, ba ta da wurin zuba kifi, kuma sanin shuka duma da gyaransa yana tafiya da ita.

Ɗan Gulma: Kawu, homa fa? Yawancin matasa na kanti suke ɗaura wa.

Kawu Gyartai: Homa biyu ce, ɗaya a kowane hannu. Sandar geza ake samu tana ɗanya, a gasa ta sama-sama a wuta, a lanƙwasa, a ɗaure ta bushe a haka. Busasshiyar sanda karyewa take yi. Ragar a da da zaren rama ko na auduga ake saƙa ta, a jiƙa a ruwan bagaruwa don kada ta ruɓe da wuri. Zaren roba ya fi ƙarko, ban ga laifin mai amfani da shi ba. Abin da ba a sassautawa shi ne idon raga. Da yatsu ake auna shi: in yatsa uku ba su shiga ba, ragar za ta kwashe ɗiyan kifi. A bar mata ciki mai zurfi, don in ta ɗame kifi na buga ta sai ya yi tsalle ya fice. Wurin aiki, mutum ya buɗe hannuwa, ya bi ƙasa da su, in ya ji motsi ya haɗa bakin biyu. Kuskuren masu koyo shi ne ɗagowa kafin bakin ya haɗu. Yaro da koma, ƙaramar raga, yake farawa a bakin gaɓa, sai lalube da hannu, a nan zai koyi kama ƙurungu ta bayan ƙayoyinsa da gane minjirya kafin ta girgiza shi. Sai ya iya iyo sosai ake ba shi gora.

Alaramma: Jama'a, akwai abin da ake kewayewa. Gyaran ruwa na asali akwai yanka a bakin ruwa da roƙon iskoki. Wannan ba abin da Musulmi zai ce a raya ba ne. Kada son gado ya kai mu ga abin da zai ɓata mana tauhidi.

Baba Mai Homa: Allah gafarta Malam, maganarka dutse. Garuruwa da yawa sun daɗe da mayar da shi saukar Alƙur'ani da addu'a da sadakar gumba ga yara. Amma a rarrabe. Cikin gyaran ruwa akwai aikin da ba ruwansa da tsafi: kwana ɗaya ko biyu kafin su, Sarkin Ruwa da mutanensa su shiga jirgi su zagaye tafkin, su cire kututture da tsohuwar ragar da za ta iya riƙe ƙafar mai nutso, su gano inda kada yake kwana, su kafa sanda a wuraren da rami ya yi zurfi. Inda aka watsar da gyaran ruwa gaba ɗaya saboda an ce haram ne, wannan dubawar ma ta tafi, kuma a nan ake rasa rai.

Alaramma: In haka ne ba mu da saɓani. Hasali ma liman ya kamata ya yi huɗuba kan dokar ruwa ranar da za a rufe shi, don cika alkawarin jama'a da hana ɓarna duk addini ne. Satar kifi a ruwan da gari ya haɗu ya rufe cin haƙƙin maraya ne da mai rauni.

Inna Mai Banda: Sannunku da ƙoƙari, amma duk kun tsaya a bakin ruwa. Rabin aikin a gida yake. Ranar su kifi kan zo da yawa lokaci guda, in mata ba su shirya ba kafin la'asar ya soma wari. Shi ya sa ake sanar da mu rana da mako guda, a tara itace, a gyara tanda, a sayi gishiri. Itacen kirya ko marke ake so, busasshe. Ɗanyen itace baƙi yake sa kifi da ɗaci. A farke ciki, a cire kunne, a wanke, a ɗan barbaɗa gishiri, a bari ruwa ya tsane. Tarwaɗa a naɗe ta a soke da tsinke, manya irin giwan ruwa a yanka gunduwa-gunduwa. Wuta ta farko da ɗan ƙarfi don ya dahu, daga nan a janye itace a bar garwashi da hayaƙi, ana juyawa. Na ci a kwana biyu yini ɗaya ya isa. Na ajiya ko na kaiwa kasuwa mai nisa sai ya yi kwana biyu zuwa uku, har in ka karya ka ji ƙas. Wanda bai bushe ciki ba fumfuna zai yi, ƙwaro ya shige shi. Maganinsa a mayar da shi kan hayaƙi duk bayan kwanaki, ba a fesa masa fiya-fiya ba. Masu fesa wannan guba mutane suke kashewa, a daina ɓoye sunan abin.

Sai rabo. Kowane gari da tsarinsa, amma ba a rasa kason Sarkin Ruwa da na mai gari, sannan a fitar wa tsofaffin da ba sa iya shiga ruwa, da matan da mazansu suka rasu, da liman. Wannan rabon shi ke sa tsohuwar da ba ta taɓa riƙe homa ba ta tona asirin ɓarawon dare. Ranar da aka daina kai mata, ta daina gani.

Malamin Tarihi: Inna ta taɓo jijiyar. Dokar da kowa ke da kaso a cikinta ba ta buƙatar 'yan sanda.

Matashin Kabi: Inna, Allah ya saka. Amma ku dattawa ku dubi wannan: magidanci mai 'ya'ya bakwai, ba hatsi a rumbu a watan Janairu, kifi ga shi yana gani. Ka ce ya jira Maris?

Baba Mai Homa: Ba a taɓa rufe ruwa duka ba, ɗana. Gulbi mai gudu a buɗe yake, mai birgi, ragar jefawa, da mai mamari, igiyar ƙugiyoyi, na cin abincinsu. Tafki ɗaya ko biyu ake tsarewa. Garin da ya ce zai rufe komai, dokarsa ba ta kai wata. Kuma ranar su ma ba a share tafki. A ware wuri mafi zurfi, a ce nan ba a shiga, iri ne na baɗi. Taru kuwa, babbar ragar da ake ja daga gaɓa zuwa gaɓa, ba ta da wuri a tafkin da aka rufe, don ja biyu ta kwashe abin da mutum ɗari za su raba.

Ma'aikacin Gona: Akwai abubuwan da kakanni ba su sani ba, dole dokar ta san su yanzu. Na farko madatsun ruwa. Tun da aka gama Bakolori a 1978, aka ƙara da Goronyo a kan Rima, ambaliyar da ke hawa fadama ba ta bin tsohon lokacinta. Wata shekara ta gaza, wata shekara a saki ruwa ya zo da yawa lokaci guda. Don haka kada a ɗaure dokar da kwanan wata, a ɗaure ta da ranar da tafki ya yanke da gulbi. Na biyu injin ban ruwa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kabi a 2015 noman rani ya bunƙasa, alheri ne, amma inji goma a bakin ƙaramin tafki suna iya shanye shi kafin Fabrairu. Mafita a kafa sanda mai alama a cikin ruwa, a yarda cewa in ruwa ya sauka zuwa nan an daina ja, manomi ya koma rijiyar burtsatse ta fadama. A sa raga a bakin tiyo don kada ya zuƙe ɗiyan kifi. Na uku maganin feshi. Wanke tankin feshi a tafki yana kashe kifi kamar yadda magimfa, tsiron da ake sa wa kifi guba da shi, ke yi, har ya fi. A haƙa rami nesa da gaɓa a riƙa wankewa a can. Na huɗu gidan sauro da aka raba don zazzaɓi, wasu suka mayar da shi raga. Idonsa ko ƙwai ba ya bari, ga magani a jikinsa. Kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki dama dokar tarayya ta 1992 ta hana, saboda haka mai gari na da madogara in abin ya kai gaban hukuma.

Ɗan Zuru: Ina biye da ku daga kudancin jiha. Abin da kuke faɗi haka yake a wurin Lelna, mutanen ƙasar Zuru. Bikin Uhola na nan ana yi, ana kokawa ana rawa, amma abin da ya riƙe tarbiyya shi ne golmo, saurayi ya shiga ƙungiyar tsaransa su yi wa surukai noma har shekara bakwai. Inda aka mayar da shi kuɗi, waƙoƙin noman da horon da ke ciki suna raguwa, don ba gonar da za a rera su. Inda aka rage shekarun aka bar aikin gayyar, abin na tafiya.

Ɗan Gulma: Madalla. To a taƙaice mana matakin farko ga garin da dokarsa ta mutu shekaru.

Malamin Tarihi: Kafin Baba ya amsa, a fara da tsofaffi tun suna raye. A zauna da uku ko huɗu tare, ba ɗaya-ɗaya ba, don su riƙa gyara wa juna. A ɗauki muryarsu a waya: sunan kowane tafki, iyakarsa, gidan da ke da sarautarsa, garuruwan da ake gayyata ranar su, yadda ake rabo, da kirarin masunta da kiɗansu. A rubuta a takarda, kwafi ɗaya wurin mai gari, ɗaya wurin hakimi, ɗaya a makarantar gari. Waya na lalacewa, kati na ɓata. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ma wuri ne da ya dace a kai kwafi. Abin da tsoho ya ce sirrin gidansu ne, kada a matsa masa, in aka matsa sauran ma zai rufe baki.

Baba Mai Homa: Sai a tabbatar da wa ke da ruwan. In gidan Sarkin Ruwa na nan, a cikinsu za a naɗa, ko da yaro ne a haɗa shi da dattijo. Ɗauko wani daga waje saboda yana da kuɗi ko siyasa shi ke raba gari biyu. Taron farko a yi shi kafin ruwa ya hau, a kira masunta, manoman rani, Arɗon Fulanin da ke shayarwa a wurin, shugabar mata masu banda, da liman. A keɓe wa shanu mashaya guda, don in suka shiga ta ko'ina suna dama laka. A yanka tara tun ran nan kowa na ji: karon farko gargaɗi da ƙwace kifin, na biyu ƙwace raga har ranar su, na uku a kai wa hakimi. Ba duka, ba ƙona kayan mutum, wannan shi ke jawo shari'a da gaba. Masu gadi su zama biyu-biyu daga unguwanni daban, ana canza su kowane mako, kuma a ba su kaso na musamman ranar su.

Matashin Kabi: In wanda aka kama ɗan mai gari ne fa?

Baba Mai Homa: A kansa za a fara, kuma mai gari da bakinsa zai ce a ƙwace. In ya kasa, a ɗage maganar rufe ruwa sai wata shekara, don ba wanda zai bi.

Inna Mai Banda: Kuma shekarar farko kada a gayyaci garuruwa da yawa. Tafkin da aka daɗe ana tatsa ba zai cika gora ɗari biyar ba. A yi na gida, a ga abin da ya fito, a ƙirga. In mutane suka taho daga nesa suka koma hannu wofi, baɗi ba mai yarda a sake rufewa.

Ɗan Gulma: Inna, tafkin da ciyawar kacala ta cinye rabinsa fa, a rufe shi haka?

Ma'aikacin Gona: A fara yanke ta. Ƙarƙashin ruwa ake yanka, ƙasa da inda ruwa ya tsaya, don kututturen ya nutse ya ruɓe. In aka yanke ta sama sai ta sake tofowa da ƙarfi. A kwashe abin da aka yanka a fitar gaɓa, in aka bar shi ciki ruɓewarsa na cinye iskar ruwa kifi ya mutu. Sau biyu ko uku a shekara ake maimaitawa kafin ta ja da baya. A bar ɗan yanki a gefe guda saboda ɗiyan kifi su samu maɓoya.